Ganye Bisa Kwalta

Nasiru ne yak kawo wayar, muna zaune ƙarƙashin rumfar tasha nan Birnin Kebbi muna jiran layi. Ku samari kun san Nasiru, wanda in ya shiga mota sai ya gyara sumatai ga madubi kafin shi duba ko akwai birki. Yat turo mani wayar har bisa hanci, yac ce, "Baba Mamman, ga magajinka."

Nid duba. Mota ce fara tas, cikin wani gari na Turawa, tana tahiya, sitiyari na juyawa, kujerar direba ba kowa. Wata mata na zaune baya tana cin abinci hankali kwance awa tana ɗakin uwatta.

Nic ce, "Wanga ai ba sabon abu ba ne. Mun yi wani direba ɗan Augie da yay yi shekara da shekaru shina tuƙi shina barci. Motar ce ke tashe shi in an iso."

Nasiru yac ce a'a, wagga na'ura ce, idanu gare ta gaba da baya har bisa kai. "Ba ta barci, Baba. Ba ta amsa waya, ba ta shan ƙwaya, ba ta fitowa gida da fushin mata. Kuma duk abin da tag gani bisa hanya, tsayawa take."

Wani daga baya yac ce, "Ko ganye?"

"Ko leda."

"Ashe ƙanwar Baba ce!"

Rumfar ta kusa rushewa don dariya. Ni ma na yi, don ga tasha in ba ka yi dariya da mutane ba, da kai za su yi abincin rana. Amma kowa wurin ya san abin da ke ƙasa. Cikin makon ne Alhaji Umaru na Gesse, mai motar da nike ja lokacin, ya aiko cewa ranar kasuwar Argungu zai shiga gaba, shi ga da idonai abin da ya sa yara ke zuwa su komo su sake komawa, ni ko ban kammala sawu guda ba. In bai gamsu ba, makulli na Nasiru ne. Shi ya sa da yaron yac ce magajina, ban san wa shike nufi ba, motar Turawan ko kainai.

Tun ranan kuke damuna da tambaya: Baba, tsakanin wagga mota da direban mutum, wa ya fi kai fasinja gida lahiya? To ku gyara zama. Amma ku aje wayoyin, ba ni magana da ƙeyar mutum.

Ku kun ɗauka tuƙi shi ne ka murɗa makulli, ka taka totur, ka fito da gwiwar hannu ta taga don 'yan mata su gani. Ni da nis shiga hannun maigidana, Malam Garba Dogo, Allah shi jiƙan shi, na daɗe ban taɓa sitiyari ba sai da tsumma. Wanki, ɗaurin kaya, ɗaukar dutsen da ake tokare taya, shi ne karatuna. Da yag ga na fara mutum, sai yam maida ni bayan kujeratai, in leƙo ta kafaɗatai. Muna tahiya sai shi ce, "Saniyar can, za ta ƙetare ko ba ta ƙetarewa?" In nic ce ba ta ƙetarewa tak ƙetare, ranƙwashi. In nic ce za ta ƙetare tat tsaya, ranƙwashi. Ku taɓa nan tsakar kaina, kwarin da kunka ji ba haihuwa ba ce, makaranta ce. A hankali nig gane ba saniyar ake dubawa ba, ɗan maraƙinta ake nema. In shina wancan gefe, ko jirgin ƙasa ne kai sai ta ƙetare. Akuya kuwa ba a karanta ta, don ita ma ba ta san abin da za ta yi ba. Tsohuwa mai tallan nono in ta dafe ƙwarya da hannu biyu, gudu za ta yi. Mai babur in ya waiwayo hagu, dama za shi. Haka nik koyi hanyar Argungu, mutum mutum, dabba dabba.

Akwatin kayan aikin Malam Garba, in kun gan shi sai ku ce na mai gyaran rijiya ne. Jak, sifana guda uku da ba wadda ta dace da kowane noti, guntuwar waya, robar tsohon tib, da sabulu don toshe tanki in ya tsage. Da robar tib kaɗai na ga ya ɗaure mota tun daga Zauro har gida, kuma na rantse ta fi lahiya da robar bisa ga yadda tah hito kamfani. Amma abin da ya fi daraja cikin akwatin ba sifana ba ce. Adda ce.

Ranar da nif fara sanin aikinta, taya ce taf fashe mun zagayo wata kwana ke nan bayan Alwasa, in ka taso daga Argungu. Mu direbobi Kwanar Giginya muke ce mata, don wata doguwar giginya da ke tsaye wurin awa ɗan sanda. Na ruga in ɗauko jak, Malam Garba yad daka mani tsawa. "Aje! Mota ba ta gudu, ta riga ta mutu. Masu rai na tahe baya." Yam miƙo mani adda. Nis sari rassan dogon yaro, yas sa ni in koma baya can nesa, har bayan kwanar, in jera su bisa kwalta ɗaya bayan ɗaya, sannan in yi haka ta gaba. Wanga shi ne sigina tamu tun kafin a haife ku. Duk direban da yag ga ɗanyen ganye bisa hanya ya san akwai mota kwance gaba, sai shi ɗaga ƙafa.

Munka gyara taya, munka tashi. Mun yi nisa sai yac ce, "Ka kwashe ganyen?" Nic ce na kwashe na gaba. Yat taka birki, yab buɗe mani ƙofa, yac ce in koma da ƙafa in kwashe na baya, in sami motar da za ta kawo ni. Cikin rana, watan azumi. Da nid dawo tasha leɓena ya tsage awa fadama cikin bazara, yaz zaunar da ni yac ce, "Mamman, ganyen da kab bari, ƙarya kab bari bisa hanya. Yau wani zai taka birki a banza. Gobe ma haka. Jibi ba shi takawa."

To jibin nan ta zo, kuma mu munka kawo ta. Motoci sunka yi yawa, iyayen gida irin Malam Garba sunka ƙare, kowa shi jera ganye, in ya gyara shi kaɗa motatai shi bar shi nan. Hanya ta cika da ganyen da ba kowa bayanshi. In ka ce za ka tsaya ga kowane, sai ka kwana hanya. Sai munka koyi sabon karatu, karatun ganye. Kana cikin gudu, ido guda, ka san labarinai. In kore ne shar, rassan na tsaye, taka birki. In ya yi laushi ya kwanta, ɗaga ƙafa kaɗan. In taya ta murje shi, ko awaki sun cinye sun bar tsinke, wuce abinka, mai motar ya daɗe da isa gida har ya yi wanka. Ba makarantar da ke koyar da wanga, kuma mun yi alfahari da shi ƙwarai.

Mu biyu munka fi kowa iya shi, ni da abokina Bawa ɗan Gulma. Tare munka yi yaran mota, tare munka karɓi makulli. Lokacin ba Baba Ganye ake ce mani ba, Mamman Jirgi ne. In na ɗauko kifi daga Argungu, sai mun iso Birnin Kebbi kifin ke sanin ya mutu. Bawa kuwa ya fi ni. Shi in ya wuce ka, sai ka sauka ka duba ko motarka ta tsaya ne. Amma ku ji da kyau, Bawa bai taɓa ko buge kaza ba. Goro kaɗai shike ci. Ba ya tuƙi da barci, ba ya tuƙi da fushi, in ruwan sama ya sauko shi ne na farkon fakawa. Mata masu ciki jiran layinai suke.

Fasinja kuwa mun ga iri-iri. Manomin shinkafa da zai rantse buhunai rabi ne, ku kama ku huɗu ku kasa ɗagawa. Masu albasar Augie, da in sun sauka sai ka yi kwanaki kana kuka ba wanda yam mutu. Malamin da zai ja doguwar addu'a kafin a tashi, a shafa, sannan shi ce, "Direba, a ɗan taka, ina da ɗaurin aure." Da Madam Uche mai busasshen kifi, wadda taz zo garin ga tun tana amarya, Hausarta ta fi tawa tsabta, zaginta kuwa ya fi na kowa ga tasha. Kujerar gaba tata ce. In ta iske wani zaune sai ta ce, "Ɗan'uwa, direban mijinka ne ko nawa?" Mutum shi sauka ba shiri.

Shi ya sa da Nasiru yan nuna mani motar nan, abin da yaf fara zo mani shi ne tausayinta. A kawo ta nan mu gani. Ta taso daga tasha ta iske an shanya shinkafa rabin kwalta, mai shinkafar na zaune da sanda. Ta wuce ta iske mai babur ya ɗauko ƙofar ƙarfe a gicciye, da matatai bisa ƙofar. Ta nemi farin layin da ake cewa tana bi, ta iske tun zamanin da anka shafa shi awaki sunka lashe. Ga rami da in ka faɗa sai an jefa maka guga. Ga raƙumi. Kafin Ambursa sai ta kashe kanta ta fashe da kuka, ta ce a maida ta gun uwatta. Haka nig gaya masu ranan, anka yi ta dariya. Abin da ban gaya masu ba shi ne wanga da za ni gaya maku.

Shekarar da ruwa yac ci fadama, ya ci gefen hanya tare. Shinkafa ta nutse, mutane ba su da abin hawa mota, mu kuwa muna zaune tasha muna kallon juna awa an yi rasuwa. Da ruwa yaj janye, sai manyan motoci sunka cika hanya, kuma hanyar ta lalace, kowace rana sai ka iske tirela ta karye nan, wata ta kwanta can. Ganye kuwa tun daga Argungu har Birnin Kebbi, sai ka ce kwalta ce ta yi tsiro. Wanda bai iya karatun ganye ba shekaran nan bai ci abinci ba.

Wata ranar kasuwa da la'asar, Bawa na gabana ga layi. Motatai ta cika, yal leƙo yac ce, "Jirgi, in ka iso ka iske na ci tuwo, kada ka yi fushi." Nic ce shi bar mani ƙanzo. Yat tashi. Tawa ba ta daɗe ba ita ma tac cika, Madam Uche na gaba da kwandunanta.

Kun san in ka taso daga Argungu da la'asar, rana cikin idonka take. Muna dosar Kwanar Giginya nig ga ganye jere. Ido guda nik karanta shi: fari-fari, toka-toka, ya sha ƙura. Tsoho. Ƙafata ba ta ko motsa daga totur ba. Abin da yat tsayar da ni wani manomi ne da yaf faɗo tsakiyar hanya shina kaɗa rigatai, shina ihu. Nit taka birki har kwandunan Madam sunka zo gilashi. Da munka zagaya kwanar a hankali, ga tirelar shinkafa tsaye, ta karye. Ga motar Bawa ƙarƙashinta har rabi.

Ba ni ba ku labarin abin da munka ciro. Mun ciro dai. Mun shimfiɗa su gefen hanya, mata sunka ba da mayafai.

Da anka tahi da su, nik koma baya da ƙafa nid ɗauki reshe guda. Sabara ce. Wurin da adda tas sare ta ɗanye ne, har da danshi. Yaron tirelar ya yi aikinai daidai yadda Malam Garba zai so: ya koma nesa, ya jera da kyau. Itatuwan dogon yaro na wurin duk ruwa ya kayar da su, sai yas sari abin da yas samu. Ita kuwa sabara, ko yanzu kas sare ta, haka take fari-fari awa ta kwana bakwai. Ba wanda bai san haka ba cikinmu. Da ƙafa kowa ya sani. Amma cikin gudu, rana cikin ido, bayan ka wuce tsohon ganye tun safe ba adadi, ido ya riga ya ba ƙafa amsa kafin kai shi ji tambayar.

To ku gaya mani, ku masu waya. Bawa bai yi barci ba. Bai sha komi ba. Ba waya ga hannunai. Da sabon direba ne, matsoraci, wanda bai san komi ba, da ya ga ganye ya taka birki, da yanzu suna gida. Iyawa ce tak kashe shi. Ni ma ita taz zo da ni har bakin wurin, rigar wani manomi ce tat tare.

Ranan haka munka lallaɓo har munka shigo gari. Da Madam Uche za ta sauka tad dafa taga tac ce, "Mamman, daga yau ko ganyen miya kag gani bisa hanya, ka tsaya."

Na tsaya kuwa. Tun daga ranan na bar karatun ganye. Kore, busasshe, murjajje, wanda akuya tat tauna tat tofar, duk ɗaya ne gare ni: in taka birki, in lallaɓa har in ga abin da ke gaba. In ba kowa, in faka, in sauka, in kwashe shi in watsa daji, don na baya. Da farko mutane sun yaba. Har addu'a anka yi ta yi mani. Amma addu'a ba ta daɗewa ga fasinja in kasuwa na watsewa. A hankali Jirgi yaz zama Baba Ganye. Yaran tasha sunka fara aje mani reshe gaban taya in ina lodi, su ɓoye suna jira in sauka. Mutum shi zo shi leƙa shi ga ni ne ga layi, sai shi tuna bai yi salla ba, shi dawo bayan na tashi. Wata rana ina lodi ga Argungu, nih hangi Madam Uche ta rufe fuska da gyale tana shiga motar wani yaro. Nic ce, "Madam, yau kin sake miji?" Tac ce, "Mamman, ka yi haƙuri. Masu saye ba su jirana." Ban ga laifinta ba. Ɗiya gare ta ga makaranta.

Shi ma Alhaji Umaru ban ga laifinai ba. Uban shi nif fara ja ma mota, shi kuwa a gabana yag girma, har yau bai taɓa kiran sunana gatsau ba. Ranar kasuwar yaz zo da farar shadda, yash shiga gaba, yac ce, "Baba, ni ban ce ka yi gudu ba. Amma mota na cin mai, tana cin taya, fasinja na gudun layinka. Ka tahi kamar kowa kurum, shi ke nan."

Nic ce, "Alhaji, yau za ka ga Jirgi. Ɗaura bel."

Da zuwa na yi ƙoƙari, Allah ya sani. Mun iske ganye wuri biyu, duk ga miƙaƙƙiyar hanya inda kana hangen gaba har ƙarshen duniya. Nid ɗaga ƙafa kaɗan, nid dubi gaba, niw wuce ban sauka ba. Na ji awa na wuce ɗan'uwa ban gaishe shi ba, amma na wuce. Alhaji har ya fara ba ni labarin zai sake mani tayoyi. Munka isa Argungu da wuri, masu kamasho na tambaya ko lahiya.

Dawowa ce da la'asar. Mota cike, buhuna har bisa, wata mata da kaji, wani ɗan makaranta da ke ta duba agogo. Rana cikin ido. Muna dosar Kwanar Giginya, ga ganye.

Ku ji, wanga ganyen ko makaho ya san tsoho ne. Dogon yaro ne, ya bushe ya yi ja, taya ta murje shi har ya manne ga kwalta, ga kashin awaki kewaye. Da Bawa na raye da ya ce tun kakanmu anka jera shi. Idona ya karanta, kaina ya yarda. Alhaji yad dube ni ta gefen ido yac ce a hankali, don kada na baya su ji, "Baba, tsoho ne. Wuce."

Nic ce, "Na gani, Alhaji."

Ƙafata tat taka birki.

Munka lallaɓa, munka zagaya kwanar awa masu rakiyar amarya. Na san kuna jira in ce ga tirela tsaye, Alhaji ya rungume ni, fasinja sun yi kabbara. Ba komi. Hanya fayau har inda ido ya ƙare. Ko ƙadangare babu.

Tunda abin ya riga ya lalace, sai nif faka. Ɗan makarantar yac ce, "Haba Baba, don Allah!" Mai kajin tac ce dama an gaya mata. Nis sauka, nik koma baya, nif fara ɓamɓaro ganyen daga kwalta. Ina cikin haka nij ji ham tun daga nesa, irin mai waƙa. Nasiru ne, da motar wani da shike ja ranan. Yat taka ganyen da gudu, iskar motatai ta kusa cire mani hula, yaf fito da hannu shina gaishe ni. Da nid ɗago, sai nig ga Alhaji ya sauko da farar shaddatai, ya duƙa, ya ɗauki reshe guda ya jefa daji. Munka kwashe tare.

Sai da munka iso tasha, fasinja sunka watse, sannan yac ce, "Baba, ka yi aiki. Lokacin hutu ya yi." Ya ce ya yi magana da shugabannin tasha za su ba ni aikin kamasho, in zauna bisa bencin tasha ina cika motoci, kada in zauna gida. Nic ciro makulli nim miƙa mashi da hannu biyu. Nic ce, "Kulocin na son a lallashe shi da safe." Yac ce zai gaya ma Nasiru.

Washegari nik kira Nasiru, nib buɗe but, nin nuna mashi jak da robar tib da sabulu. Nid ɗauko addar, wadda Malam Garba yab bar mani, nic ce, "Wagga kafin sifana. Ka koma nesa, har bayan kwana. In ka gama ka kwashe." Yak karɓa da ladabi, yaron ba shi da rashin kunya, yaj jujjuya ta yac ce, "To Baba." Da za shi tashi, wani ya zo da buhun albasa ba wurin sa shi. Sai nig ga ya ciro akwatin kayan aikin ya tura ƙarƙashin kujera, addar kuwa ba ta shiga ba. Yak kawo mani yac ce, "Baba, aje mani, in na dawo in ɗauka."

To ga amsarku. Ni ban san cikin motar Turawan nan ba. Na ji ana cewa ita ma takan ruɗe, takan yi ɓarna, kuma na yarda, ba abin da ɗan Adam zai ƙera shi rasa aibi. Ba ta san saniya da maraƙi ba, ba ta san sabara da dogon yaro ba. Amma in gaskiya ne abin da Nasiru yac ce, cewa duk abin da tag gani sai ta tsaya, ba ta jin kunyar fasinja, ba ta ce ma kanta ai na san wanga, to da ita ad da makullin Bawa ranan, da ya ci tuwonai. Ta fi mu, ba don ta fi mu sani ba. Kuma kada ku yi murna, ba ta zuwa nan. In ma ta zo, ku ba ta layina ku gani. Mako guda za a sa mata suna, fasinja su fara tuna ba su yi salla ba, mai ita shi shiga gaba ranar kasuwa. Can an ƙera mota mai tsoro ana tafa mata. Nan mai tsoron guda ne, an ba shi benci.

Ga ni bisa bencin. Ku leƙa ƙarƙashi, addar ce nan, har ta fara tsatsa, Nasiru bai dawo ɗauka ba tukuna. Ga shi can ya shigo layi, shina gyaran suma ga madubi. Ku matsa mani in tashi, aikina ne in cika mashi mota.

Argungu! Argungu mutum biyu! Hajiya, taho da yaran, akwai wuri gaba. Direban ƙwararre ne, yanzu-yanzu kun isa.